Bencin Masu Cewa "Da Sauƙi"

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Gaggawa na Asibitin Haƙori, uban masu kumburi, gatan masu riƙe da haɓa, wanda ba mu taɓa gani ba sai dai motarsa a inuwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan iyali suna lafiya, haƙoransu kuma suna nan a jere ba wanda ya motsa, ina neman afuwa da na ɗauko biro. Ni ba mai magana ba ce. A gida in na buɗe baki sai Mama ta ce, "Ɗaga murya mana, da tururuwa kike hira?" To amma haƙorina na sama, maƙwabcin na gaba, wanda ke fara leƙowa in na yi murmushi, yana dab da barina. A littattafan soyayyar da nake karantawa kuwa, idan rabuwa ta matso, wasiƙa ake rubutawa. Ga tawa.

Na ɗaya. A bangon ɗakin jiranku akwai hoton wani haƙori mai ido da baki yana dariya, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa a zo da wuri kada ƙaramin rami ya zama gaggawa. Na yarda da shi, don ni duk abin da aka rubuta da kyau yarda nake yi, shi ne ma matsalata a rayuwa. Watannin baya da na ga ɗan baƙin ɗigo a jikin haƙorin, na rabu da alewa rabuwa ta har abada, na riƙe buroshi safe da yamma, na kuma zo da wuri. Malamar da ke bayan taga ta leƙa bakina daga inda take zaune, ta ce nan sashen gaggawa ne, in je in dawo idan ya fara ciwo. Ranka ya daɗe, shin haƙorin da ke bango da malamar da ke taga sun taɓa gaisawa kuwa? Ko ba asibiti ɗaya suke wa aiki ba?

Na biyu, kuma a nan zuciyata ta fi karaya. Na bi umarni, na jira ciwo, shi ma bai saɓa alkawari ba. Makon jiya ya iso da kayansa. Kuncina na dama ya tashi har idona ya ƙanƙance, dasashina ya yi ja, ko ruwa na kurɓa sai in ji kamar an soka mini allura har cikin kunne. Yayana ya dube ni ya ce kamar an fara hura balan-balan aka gaji a rabi. Na kurkure da ruwan gishiri, na danna kanumfari, duk a banza. Na rufe baki da littafi na taho.

Malamar ta ɗago kai, da fara'arta, ta ce, "Sannu 'yammata, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Sai ta nuna mini bencin hagu.

Ashe benci biyu ne a sashenku. Na dama na waɗanda za a gani yanzu, na hagu na waɗanda za su iya jira, kuma amsar wannan tambaya ce ke raba su. Ranka ya daɗe, me zan ce in ba haka ba? Tun da na fara magana, amsa ɗaya na san ana ba "ya jiki". Kakata, Allah ya jiƙanta, ranar da ta rasu ma "da sauƙi" ta ce wa masu dubiya. Ina roƙon a fahimtar da ni cikin hikimarku: tambayar nan gaisuwa ce ko gwaji? In gaisuwa ce, me ya sa ake raba benci da ita? In gwaji ne, me ya sa ake haɗa ta da sannu da murmushi, kamar tarko mai ado?

Na uku. Ina gayyatarka, duk ranar da ayyuka suka yi maka sauƙi irin na gaske, ka fito ka ga bencin hagu. Duk masu tarbiyyar garin nan suna kansa. Kusa da ni wani dattijo ne kafinta, ya ɗaure haɓa da tawul, hawaye na bin gemunsa, duk wanda ya wuce sai ya ce masa alhamdulillahi. Gefensa wata tela, bakinta ya ƙi rufuwa tun jiya, ita da gyaɗa kai ta amsa nata "da sauƙin". Muna nan sai ga wani ƙato ya faɗo yana ihu yana dukan taga, wai zai mutu, a kira masa iyalinsa. Nan take aka shige da shi. Bai jima ba ya fito yana waya yana dariya. Tsokar nama ce ta maƙale masa. Ban yi zurfi a karatu ba, amma a ganina ba ciwo kuke aunawa ba, kunya kuke aunawa, wanda ya fi ta kuma shi ya fi daɗewa.

Na huɗu. A littattafaina likita dogo ne mai sanyin murya, yakan dubi yarinya ido cikin ido har abin awon ya faɗi daga hannunsa. Ban sa rai da duka wannan ba, rabi ma ya ishe ni. Naku da rana ta karkata aka kai ni gabansa, takunkumi a fuska, haƙorin kaɗai ya gaisar. Sai da ya cika mini baki da ƙarafa da auduga sannan ya ce, "Me ya sa ba ki zo da wuri ba?" Na ce, "Aaa." Ya gyaɗa kai, alamar ya gamsu. Ya matse ruwan ciwon, ya ba ni magani, ya ce in dawo ranar Alhamis a wanke tushen a cike ramin. In ta wuce, sai cirewa. Na yaba da aikinsa, hannunsa ba nauyi. Sai dai hanyar zuwa wurinsa ɗaya ce, ta gaban tagar nan.

Na biyar. Na gwada gyara halina. Na tsaya gaban madubi ina koyon cewa "babu sauƙi". Mama ta jiyo ni daga kicin, ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Wace irin butulciyar magana ce wannan? Kina tsaye da ƙafafunki!" Yayana kuma ya ce in kwantar da hankali, in an cire sai mu ce wushirya ce. Wushirya a gefe, ranka ya daɗe? Na karanta littattafai ba iyaka, ban taɓa ganin inda saurayi ya rasa sukuni saboda giɓi ba.

Ba na neman a kori kowa. Malamar tana da kirki, kirkin nata ne ma ya ja mini. Roƙona dai, bayan an gaisa an gama, a sake tambaya ta biyu: ina ke ciwo, tun yaushe, ana iya tauna ko ba a iyawa? Wannan ko ni zan iya amsawa, ko da yatsa ne.

In kuma sauya tambaya sai an kafa kwamiti, to ina sanar da kai cikin ladabi cewa ranar Alhamis ba ni kaɗai zan zo ba. Da Goggona zan zo, yayar Baba, mai sayar da kifi a kasuwa, wadda in ta kira ciniki a wannan layi ake juyowa daga wancan. Ita in aka ce mata "ya jiki", daga gwiwa take farawa, ta hau baya, ta biya ta wuya, ba ta sauka sai mai tambayar ya nemi wurin zama. Na ba ta labarin bencin hagu, sai ta ce a goge mata takalminta na zuwa unguwa. Ni a bayanta zan tsaya, ba zan ce uffan ba. Shawarata ta ƙaramar yarinya ita ce a buɗe ƙofar likita tun tana bakin get.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamani, ya kiyaye maka turame da fiƙoƙi.

Taka mai biyayya, iyakar inda baki ke iya buɗuwa,

Autar gidanmu,
mai kunci ɗaya da rabi.