Rasuwar Jak ɗin da Aka Ɗora wa Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya ma fi baƙin cikin yawa a cikinta, Malam Ma'aruf Kalilu, mai sayar da yadi a cikin garin Daura, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu zuwa aro rasuwar jan jak ɗinsa na ɗaga mota. Ya cika a garejin gida da hantsin ranar Asabar, bayan jinyar da aka ɓoye wa mai shi.

Marigayin shi ne ya fara shiga garejin, tun lokacin da Malam Ma'aruf ya gaji da kanikawa, masu kwance abu lafiyayye su ɗaura maras lafiya. A bakin tasha, gaban jama'a, ya faɗa musu cewa hannunsu ya bar taɓa motarsa har abada. Ya dawo gida ya sayar da awakinsa, ya share turkensu, ya yi daɓen siminti, ya kafa ƙusoshi a bango domin rataye sifanu. Kanikawan suka yi dariya, suka ce suna nan suna jiransa. Jak ɗin nan ne ya rufa masa asiri duk shekarun da suka biyo baya.

Mai haƙuri ne, ba shi da ƙorafi. Ya ɗaga mota an juye baƙin mai, ya ɗaga an sake birki, ya ɗaga ba don komai ba sai don mai gida ya leƙa ƙasa ransa ya yi daɗi. Maganarsa ba ta wuce "ƙiƙ, ƙiƙ" idan ana buga hannunsa. Ko yatsa bai taɓa datse wa kowa ba.

Ajali ya zo masa ne daga Sandamu. Yaya Yahya, wan Murja uwargidan Malam Ma'aruf, ya aiko cewa a ara masa jak zai sake taya. Yaya Yahya ko keke ba shi da shi, kuma Malam Ma'aruf ya san haka, amma wan mace ba a ce masa a'a a zauna lafiya a gida. Ashe rumbunsa ne ya karkace bayan damina, dutse ɗaya na gindinsa ya nutse. Maimakon ya fitar da damman geron da ke ciki kamar kowane manomi mai hankali, sai ƙyuya ta sa ya cusa jak a ƙarƙashi, ya yi ta bugu har robar cikinsa ta fashe, mai ya tsiyaye. Daga nan ya nuna gwanintarsa: ya ɗura masa man gyaɗa, ya goge shi tas, ya naɗe a buhu, ya aiko da shi tare da ƙwan zabi da saƙon cewa kaya ya dawo lafiya lau.

Ranar Asabar Malam Ma'aruf ya ɗaga mota, ya cire tayar gaba, ya miƙe ƙafa a ƙarƙashi. Sai ya ji ƙamshin ƙuli-ƙuli. Marigayin ya ce "fsss", maganarsa ta ƙarshe ke nan, ya sauka a hankali yadda mai gida ya samu ya janye ƙafarsa. Ko a gargara ya fi wasu surukai amana.

Ya rasu ya bar sifanu manya da ƙanana, da filaya, da famfon taya wanda shi ma aro ya tsufar da shi, da kuma motar, wadda har yanzu take durƙushe a kan ƙafa uku, hancinta a ƙasa. Murja ta ce a yi haƙuri, ƙarfe ne kawai. Malam Ma'aruf kuwa, ƙwan zabin nan ya rantse ba zai ci ba. Labari kuma ya riga ya kai tasha, har wani bakanike ya aiko da gaisuwa, yana tambaya ko ya zo da nasa jak ɗin. An mayar masa da gaisuwarsa.

Za a yi bankwana da gawar ranar Juma'a bayan la'asar, a garejin. Ba za a ba 'yan jari-bola ita ba, za a ajiye ta a bakin ƙofa inda duk mai zuwa aro zai yi tuntuɓe da ita. Ba a bukatar kuka. Ana roƙon maza masu ta'aziyya su ci abinci su ƙoshi kafin su zo, domin da hannu za a ɗaga motar a mayar mata da tayarta. An ware wa Yaya Yahya ɓangaren inji, shi kaɗai. Idan motar ta ƙi ɗaguwa, shi zai taka da ƙafarsa har tasha ya kira bakanike, ya kuma faɗa musu da bakinsa wanda ya yi kisan.