Yadda Na Saki Taraktar Yaya

Ranar walimar ɗansa, yayan matata ya kira ni gidan hutunsa da ke unguwar Ka'akiyya. Tsohuwar taraktar yankan ciyawa ce ta mace a lambu, daidai inda za a shimfiɗa wa baƙi dardumai. An tura, an tura, ta ƙi motsi. La'asar ta wuce, baƙi kuwa da Magariba za su iso.

Na naɗe hannun riga na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Daga Kano har Khartum na ga irinta." Gani kam na gani, ta tagar mota.

Akwai wani ɗan bawul a jikin giyarta, sai an ja shi tayoyin ke sakewa. Tsatsa ta kama shi gam. Na zuba mai, ina ɗan ƙwanƙwasawa da guduma, ina lallaɓawa kar ya karye a hannuna. Yaya na tsaye a kaina: "Ya shaikh, a hankali!"

Can sai bawul ɗin ya saki. Na miƙe ina jiran yabo. Ban sa dutse a taya ba, ban kuma lura lambun gangare ne ba. Tarakta ta kama hanya ita kaɗai, a natse, ta nufi tukunyar shinkafar walima da ke kan wuta a ƙasan lambun. Na bi ta ina ihu, "Tsaya!" kamar tana jin Hausa.

Da burodi baƙi suka ci naman.

Har yau sunana a gidan Muhandis, wato injiniya. Ina yin sallama matar Yaya za ta ɗaga murya: "Ku riƙe tukunya, Muhandis ya iso!"