Rasuwar Kaset ɗin Sunan Salma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Barau Isma'ila Damri nake sanar da 'yan'uwa na Bakura, Mafara da Maradun rasuwar kaset ɗin bidiyon gidanmu, wanda aka ɗauka ranar sunan 'yata Salma. Ya cika ranar Talata da hantsi a shagon Zaharadeen mai juya kaset zuwa faifai, nan Talata Mafara, yana da shekara ashirin da uku a duniya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha zafin bazara a ƙasan akwati, janareto ya sha mutuwa yana tsakiyar aiki, amma iyakar ƙorafinsa ɗan ƙirrr ɗin nan idan ana mayar da shi baya. Mai riƙon amana ne kuma. Mutum goma sha ɗaya da suka riga mu gidan gaskiya suna cikinsa suna cin tuwo, har da mahaifiyata Inno.

Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san kunyar Inno. Tun tasowata "kai wannan" ne sunana a bakinta. Sai ranar sunan nan, a minti na arba'in da ɗaya na kaset ɗin, rago ya tsinke igiya ya nufo bayana, ta zabura ta ce, "Barau! Kauce, ga rago nan!" Mata suka fashe da dariya, ta rufe fuska da gyale. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara ba.

A nan ciwon ajalin ya samo asali, kuma hannuna ne sanadi. Shekara da shekaru ina kunna wurin, in mayar baya, in sake kunnawa, har zaren ya sha wuya ya yi laushi. Zaharadeen ya yi ta yi mini magiya in kawo shi a juya tun yana da sauran ƙarfi. Kullum sai in ce sai kasuwa mai zuwa, don ba na son ya kwana a hannun wani. Ranar da na kai shi, minti arba'in ya wuce lafiya lau. Daga nan na'urar Zaharadeen ta yi ƙaƙat, ta tauna zaren. An ciro, an miƙar, an manna da haƙuri. Hoton ya dawo da zane-zane, muryar ba ta dawo ba. Wallahi a gaban mutane na yi kuka.

Ya rasu ya bar ɗa guda, faifai mai sheƙi, kamarsu ɗaya sai dai bai gaji muryar ba. Ya bar na'urar bidiyo, abokiyar zamansa, da kwalinsa mai rubutun biro, da ni.

Za a naɗe shi cikin gyalen Inno, a sa shi a akwatinta ranar Juma'a bayan la'asar, a gidanmu na Damri. Ina roƙon ƙanwata Safara'u, wadda ta iya kwaikwayon muryar, ta yi wa Allah kada ta gwada. Zaman makoki a zaure ne, kuma za a kunna wa masu ta'aziyya faifan. Idan aka zo minti na arba'in da ɗaya, ina roƙon a yi shiru. Za ku ga Inno ta buɗe baki. Ni take kira.