Tumbin Haladu a Bakin Boda

Wani munafuki, ba sai an kama suna ba, ya san kansa, yana bin majalisa yana gyara wa Haladu direba labari. Wai ciwon ciki ne ya kama shi a boda. Ƙarya yake, bakinsa ya karkace! Ga yadda aka yi.

Haladu dai duk tashar motocin da ke ƙetarawa Nijar an san shi. Siriri ne kamar sillen kara, amma baki kamar lasifikar masu tallan magani. Shi ya raɗa wa kansa suna Ba-Caji, wai shi ba a caje motarsa a boda. In ya zauna teburin mai shayi, sai shayin kowa ya huce bai kai aya ba.

"Ni a buɗe min but? Wa ya isa! Motata in ta doso boda, sandar nan da kanta take ɗagawa. Oga Gwadabe, babban kwastan na wajen, ai kawuna ne. Shi ya yi min huɗuba."

Alhali ana buɗe but ɗinsa kamar na kowa. In an zo buɗewa sai ya juya baya ya kara waya a kunne, don in ya rantse bai taɓa gani ba, rantsuwa ba za ta ci shi ba. Oga Gwadabe kuwa sunansa kawai ya sani.

To, wata shekara cutar shanu ta ɓulla. Rediyo ta fara cewa an hana shigowa da nama daga ƙetare. Haladu bai bari mai labarai ya ƙarasa ba, ya murɗe ta.

"Na sani, na sani. Tun kafin su sani na sani."

A makon ne aka yi wa shugaban tasha, Alhaji Nalado, haihuwa. Mutum ne mai son kilishin Maraɗi kamar ransa, ya so a ce ranar suna kowa ya ci ya lashe yatsa.

"Sai dai haƙuri," in ji shi, "Haladu ya ce an hana nama."

Haladu ya miƙe zumbur, ya bugi ƙirji.

"An hana su wa? Ranka ya daɗe, ni zan kawo. In na dawo hannu na dukan cinya, a daina ce min Ba-Caji, a mayar da motata ƙarshen layi."

"Jama'a, kun ji?" in ji Alhaji Nalado.

"Mun ji!"

Baki shi ke yanka wuya. A ranar Haladu ya ɗebi fasinjoji ya kama hanya. Washegari a Maraɗi ya sayi kilishi, faifai-faifai, ja jawur, irin mai barkonon nan da ko kallonsa ka yi sai ka yi atishawa. Ya ja mai kilishin bayan rumfa, ya tuɓe riga, ya fito da tsohuwar robar tayar keke.

"Ɗaura min a jiki."

Mai kilishi ya saki baki. "Direba, mi kake haka? Ai shi kilishi..."

"Kai, nama ka sani. Boda tawa ce. Ɗaura!"

"To ka bar takardar da aka naɗe shi."

"Takarda tana ƙara. Yanzun nan za ta tona ni. Cire ta."

"Singiletin fa?"

"Cire! Zafi ake."

Haka aka bi shi da kilishi tsirara a kan fata, tun daga hamata har ƙugu, gaba da baya, aka ja roba tamau. Ya zura farar babbar riga a kai. Wanda ya shiga bayan rumfa kamar tsinken tsire ya fito kamar ɗan kwangila.

A kujerar gaba akwai Inna Talatuwa, wata dattijuwa mai fataucin dabino, wadda shi ya kawo ta jiya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Direba, jiya da muka zo ba ka da tumbi."

"Ƙosai na ci, Inna."

"Ƙosai? Da kaskon da mai tuyar?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Haladu ya tura kujera baya don tumbi ya sami wuri, ya hango baƙar leda a cinyarta.

"Mene ne a ledar nan?"

"Ɗan kilishin jikokina."

"Hahaha! Inna, ki yi masa bankwana, ya zama na kwastan. Boda ba a shigarta da ka. Da kin tambayi manya."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

Suka iso boda rana tana tsaka, irin ranar da ƙadangare ke ɗaga ƙafa. Ga layin motoci. Kafin a zo kansu zufa ta fara tsattsafo wa Haladu, ya ji wani abu ya ɗan cije shi a hamata. Ya ce a ransa, ƙuma ce.

Wani matashin kwastan ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Sannu direba. Buɗe but."

Haladu ya ga idon fasinjoji duk a kansa. Da ya yi shiru ya buɗe, da an wuce wurin, tunda ba komai a but ɗin sai buhunan dabino. Amma ina! Mai hali ba ya barin halinsa.

"Samari, kai sabon zuwa ne ko? Ni ne Ba-Caji. Oga Gwadabe kawuna ne."

"Kawunka? Kai, madalla! Ga shi can zaune a benci. Taho ka gaishe shi."

Haladu ya yi wuf ya tari numfashinsa.

"A'a, kar a dame shi, yana hutawa."

"Haba direba," in ji Inna Talatuwa, "a zo gari a wuce kawu? Wannan ai rashin tarbiyya ne. Je ka, muna jira."

Ya fito da ƙyar. Ya kama tafiya kamar agwagwa mai shirin ƙwai, hannuwa a bubbuɗe. Wani kare da ke kwance ƙarƙashin tirela ya ɗaga hanci, ya tashi ya bi shi. Kafin ya kai bencin karnuka sun zama jerin gwano a bayansa.

Oga Gwadabe dattijo ne mai furfura a gashin baki, yana zaune yana kurɓar shayi. Haladu ya tsaya ƙiƙam ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe!"

"Kawu ake gaisarwa a tsaye?" in ji matashin kwastan.

Ba yadda ya iya. Ya ja numfashi, ya durƙusa.

Ƙaras! Ƙarararas! Ƙas!

Har mai shayi sai da ya waigo.

"Subhanallahi," in ji Oga. "Mene ne ya karye?"

"Gwiwa ce, kawu. Zaman mota."

"Gwiwa a ƙirji?"

Oga ya shaƙi iska, ya dubi tumbin, ya dubi siririn wuyan da ke samansa, ya dubi karnuka. Tsohon kwastan ai ba a kawo masa wannan. Amma bai nuna komai ba, sai ma ya washe baki.

"Tsufa ya zo, ka yi haƙuri. Ɗan wa kake ma cikin 'yan'uwana?"

"Ɗan... ɗan Yaya Babba."

"Allah sarki, Yaya Babba! Zauna, ɗana, zauna."

Ya nuna masa ƙarshen bencin, inda inuwa ba ta kai ba.

"Mai shayi! Haɗa wa ɗana mai zafi. Ka cika citta, ka ƙara masoro."

"Kawu, na ƙoshi."

"Ana ƙin abin kawu? Sha."

Ya sha. Kofi bai kai rabi ba zufa ta ɓalle kamar an kwance famfo. Zufa ta sami kilishi, kilishi ya saki mai, mai ya ɗauko barkono, barkono ya kama hanya. Ya fara da hamata. Ya gangara haƙarƙari. Ya yada zango a cibiya.

Shi kuwa Oga yanzu ya fara gaisuwa.

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya yara?"

"Lafiya... sss... lau."

"Ya Yaya Babba da ƙafa? Tana takawa kuwa?"

"Tana takawa. Har gudu take."

"Ikon Allah! Akuyar nan tata mai baƙin kunne fa, ta haihu?"

"Ta haihu, kawu! Duk sun haihu! A ba ni izini!"

"Ina saurin? Mun daɗe ba mu gamu ba. Me ya sa kake rawa a zaune?"

"Murna ce."

Farar riga ta fara fitar da ja ta ƙirji, ta baya, ta ko'ina. Ƙudaje suka yi masa rumfa. Fasinjoji duk sun fito sun kewaye, har da na wasu motocin.

"Ɗana, jini ne wannan?"

"Zufa ce, kawu."

"Zufa mai ƙamshin tafarnuwa? Kai, danginmu akwai baiwa."

A daidai nan barkono ya ƙetare mazugin wando. Shi ba ruwansa da boda, ba wanda ya tsayar da shi. Idon Haladu ya yi ja, hawaye ya zubo, leɓe na rawa. Wani kare ya matso ya lashi diddigensa.

"Wayyo Allah na! Wuta! Wuta!"

Ya yi cilli da kofi, ya zabura, hula ta yi nata wuri. Karnuka suka rufa masa baya. Can gefen titi akwai kwamin siminti inda shanu da jakuna ke shan ruwa. Haladu bai yi shawara da kowa ba.

Tsulum!

Jakin da ke sha ya ja da baya ya yi tsaki.

Da ƙyar aka tsamo shi. Aka cire riga, aka yanke roba, aka dinga ɓare kilishi daga jikinsa ana tarawa a ƙasa. Tumbi ya tafi, sillen kara ya dawo, sai dai yanzu ja ne kamar an tsoma shi a manja. Mata na rufe fuska da mayafi suna leƙowa ta gefe.

Oga ya tako a hankali.

"Bawan Allah, wa ya ce ka yi wa kanka wannan azaba?"

"An hana nama, ranka ya daɗe."

"Ɗanyen nama aka hana. Busasshe, wanda ya sha rana ya sha wuta, wucewa yake. Ba ka ji sanarwar har ƙarshe ba?"

Haladu ya waiga. Ga Inna Talatuwa a tsaye, leda a buɗe, tana tauna.

"Ni dai na nuna wa yaron nan nawa," in ji ta, "ya ce Inna a ci lafiya."

To, a nan ne za ka san wasu mutanen ba sa jin magani. Haladu na jin haka sai idonsa ya buɗe. Ya tuna suna gobe, ya tuna Alhaji Nalado, ya ga ashe bai faɗi ba tukuna. Ya gyara tsayuwa, ruwan jakuna na ɗiga daga gemunsa.

"To ai shi kenan! Jama'a, ban faɗa muku ba? Kayana ba sa tsayawa a boda! A tattara min abina in wuce."

"Dakata," in ji Oga.

Ya karɓi sanda, ya ɗago faifai guda. Ya yi laƙwas kamar tsumman goge mota, yana zubar da ruwa, ga gashin hamata manne a jiki.

"Inna, ke ce babba a nan. Wannan busasshe ne?"

Ta leƙa, ta toshe hanci.

"Ɗanye sharaf."

"To ka ji. Da a bushe ka kawo shi, ka ɗora a cinya kamar Inna, da yanzu kana gida. Kai da kanka ka jiƙa shi ka mayar da shi ɗanye, ɗanye kuwa ba ya wucewa. A haƙa rami a binne." Ya juya zai tafi, sai ya waigo. "Af, ɗana, ka gaida Yaya Babba. Samari, buɗe but ɗinsa. Ku riƙe masa kai ya kalla."

Aka riƙe. Ya kalla.

Wanda duk yake ganin an ƙara wa labarin nan gishiri, hanya a buɗe take. Ya sayi jan kilishi, ya cire takarda, ya ɗaura a hamata, ya zauna a rana ya sha shayi mai citta. In ya kai ƙarshen kofin a zaune, ya zo ya ƙaryata.