Dogayen Tsirran Uban Ganye

Duk wanda bai san Farfesa Uban Ganye ba, to bai taɓa ratsa cibiyar binciken tsirrai da rana ba. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana zuba. Farar rigarsa ta aiki ba ta taɓa ganin tabo ba, saboda bai taɓa kai ta kusa da aiki ba. Idan ya shiga ɗakin gwaji, hannu a baya yake zagayawa, ya leƙa kwalba ya ce "Uhm," ya fita. Wannan "uhm" ɗin kuwa, ma'aikata sun shaida, ya fi laccar wasu nauyi.

Fanninsa shi ne him, sinadarin nan mai ƙarfe a tsakiya da ke sa jini ja. Tsiro ma yana da nasa, kuma idan ya gama amfani da shi, ƙwayoyinsa sukan farfasa shi su cire ƙarfen. Wannan farfasawar ce ta tsaya wa Farfesa a rai.

"Almubazzaranci ne!" in ji shi a wurin cin abinci, matarsa na zuba masa miya. "Tsiro ya sha wuya ya haɗa abu, sannan ya rushe da kansa? Ni zan gyara masa hali."

"Allah ya taimaka, Baban yara," ta ce. "Famfon banɗaki ma yana jiran gyara."

Lokaci kuwa ya ƙure masa. Hukumar cibiyar ta ce babban ɗakin gwajin nan mai na'urar sanyi, wanda ya riƙe tun yana da baƙin gashi, za a ba wani idan kwamiti ya zo bai ga sakamako ba. Ɗakin nan shi ne Farfesa. Ba ya tsoron mutuwa kamar yadda yake tsoron a mayar da shi ƙaramin ofishin da ke jikin matattakala.

Sai ya ba da umarni a toshe wa wasu tsirrai hanyar farfasa him. Aka toshe. Ikon Allah, suka tashi zaƙo-zaƙo, suka ninka 'yan uwansu tsawo! Gaskiya dai farare ne fat, sirara kamar tsinken tsintsiya, ganyensu kuma ƙanana. Amma Farfesa tsawo kawai yake aunawa. Gajerun nan kore shar da aka shuka don kwatance, ya ce ragwaye ne, a kwashe su kada su ɓata hoto.

Ranar da kwamiti ya zo, Farfesa ya ce ɗaki ya yi wa irin wannan nasara kaɗan. Aka jera tukwanen a kan dogon tebur a tsakar harabar cibiyar, rana tsaka, aka kira mai hoto. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar farfesa mai sanda, ta zauna a gaba tana fifita da hannu.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi," ya fara, "tun da aka halicci ganye yake tafka kuskure guda, ba wanda ya tsawata masa sai ni. Yau dawa za ta kai tsawon bene! Jikokinmu da tsani za su yi girbi!"

Yana cikin haka tsiron farko ya sunkuya. Na biyu ya bi shi. Kafin Farfesa ya gama bayanin yadda yunwa za ta bar duniya, rabin teburin ya kwanta. Ya waiwaya, gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Kun gani da idonku," ya ce. "Tsabar girma ce ta rinjaye su."

Tsohuwar ta taso, ta ɗaga tsiro ɗaya da ɗan yatsa, ta sake shi, ya koma ya kwanta.

"Farfesa, ai makafi ne," ta ce a hankali. "Idan tsiro ya farfasa him, da ɓaraguzan yake ƙera abin da yake gane haske da shi. Ka toshe wannan, ka tsone masa ido ke nan. Waɗannan bayin Allah sun ɗauka har yanzu suna ƙarƙashin ƙasa. Miƙewa suke ta yi suna neman rana, ga ta kuwa a kansu."

Farfesa ya gyara murya. "Wannan ra'ayi ne, ranki ya daɗe. Ban san wane ƙaramin mai bincike ya faɗa miki ba."

"A wata maƙala na karanta, daga wannan cibiyar taku ta fito. Aiki ne mai kyau, har ɗalibaina nake ba su. Masu rubutun su biyar ne, sunanka ne na farko."

Nan take ƙirjinsa ya buɗe. Ya juya gefen mai hoto, ya ɗaga haɓa. Dama ƙa'idarsa ce, babu rubutun da zai fita daga ɗakinsa ba da sunansa a sama ba.

"Tabbas," ya ce. "Na tuna ta sarai. Ta ci min lokaci ƙwarai."

"Na yarda," in ji tsohuwar, tana miƙo hannu. "Kawo mabuɗin ɗakin, mu ba sauran huɗun. Kai kuma yanzu sai ka samu lokacin karanta ta."