Kifin Inna Yana Bayan Motarku

Litinin, aikin farko: rubuta wa masu motar.

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Hayar Motoci na Farin Zalɓe, reshen Daejeon.

Bayan gaisuwa da fatan motocinku suna dawowa gida lafiya. Ni ne wanda ya ɗauki farar motarku mai ƙofa huɗu, ta masu ƙaramin ƙarfi, don zuwa ƙauye bikin girbin kaka. Ina da koke-koke, kodayake da na sake karanta su na ga yawancinsu ni suka shafa.

Na ɗaya, inji. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta da laifi, tana tafiya shiru kamar ma'aikacin da ke jiran fansho. Da muka fara hawan dutsen garinmu sai ta kama gurnani. Na taka mai har ƙasa, ƙara ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba. Wani tsoho a kan tarakta ya yi mini hannu in wuce. Na kasa. Ranka ya daɗe, laifin injin ne, ko ni ne ban iya lallashi ba?

Na biyu, tsabta. Wa ya ce ku wanke ta haka? Wa ya ce ku fesa mata ƙamshin sabuwar mota? Ina tsayawa a ƙofar gida mahaifiyata ta leƙa ciki, ta shaƙa, ta ce, "Man-seok, ashe zan ga wannan rana? Shekara arba'in kana bin bas!" Na buɗe baki in gyara mata zance. Abin da ya fito shi ne, "A hankali, Inna, kada ki buge kai."

Kafin in sauke kaya ta shimfiɗa tabarma a gaban motar, ta jera wainar shinkafa, ta zuba giyar shinkafa a kan tayoyi kamar yadda ake yi wa sabuwar mota, ta sa na durƙusa na kai goshi ƙasa. Sannan ta naɗe busasshen kifi da farin zare ta cusa shi a but, ta ce idonsa a buɗe yake, shi zai tsare ni a hanya, kada kowa ya taɓa. Motarku ta karɓi girmamawar nan ba tare da kunya ba.

Na uku, lamba. Kowa a ƙasar nan ya san harafin da ake sa wa lambar motar haya. Dole ne ya zama ƙato haka? Mijin ƙanwata, Tae-sik, ya tsuguna ya goge shi da hannun rigarsa don ya fito sosai, ya ce, "Yaya, barka da arziki. Ƙarfe nawa za ta koma gidansu?"

Na huɗu ba koke ba ne, roƙo ne. Na mayar da motar, na manta da kifin. Ma'aikaciyarku ta ce yanzu tana hanyar Busan da wasu ango da amarya. Ranar Asabar Inna za ta zo ganin likitan gwiwa, ta riga ta gaya wa maƙwabta ɗanta zai ɗauke ta a tasha da motarsa. Kifin za ta fara dubawa, kuma ta san ƙullin zarenta. Saboda haka waccan motar nake roƙo, ba wata mai kama da ita ba, kuma kada a share but. Idan ango ya yi ƙorafin wari, a gaya masa birkin ma ba abin dogaro ba ne a gangara. Ya fi ni bukatar kifin.

Na kira ƙanwata neman shawara, ta yi dariya ta ce, "Yaya, gwiwa ce ke damun Inna, idonta ras yake." Tun ɗazu nake juya maganar nan.

Naka mai biyayya, wanda ya durƙusa wa dukiyarku tun kafin ya roƙe ku,
Pyo Man-seok

Gobe:
Sake kiran kamfani.
Sayen busasshen kifi da farin zare, ko da an rasa wancan.
Koyon ƙulli.
Tambayar ƙanwata ko Inna ta kalli lambar kafin ta zuba giyar. Wannan zai iya jiran jibi.