Gobarar Rumbunan Cikin Salula

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi ƙauye guda tsaye, maza da mata, saboda wutar da ko hayaƙi ba ta yi.

Mushe Isuhu (haka ake kiran mu malaman boko, Mushe), abokin aikina a lakwal, wato makarantarmu ta Dungas, shi ya zuba mini wasanni a salula. Na farko wani ɗan tsurut ne mai gudu yana tsallake ramuka. In ya faɗa ya mutu, sai ya miƙe garau ya sake gwadawa. Na daɗe ina jinjina taurin ransa. Amma na biyun ne ya gama da ni. A ba ka fili fetal, a ce kafa gari. Ga mutane ƙanana kamar tururuwa, wannan na saran itace, wancan na noma, wasu na ɗaga ganuwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ko ka kashe salular suna can suna aikinsu (ni kuwa da na juya wa ɗalibaina baya, aji ya koma kasuwa).

Bayan girbi aka sa auren Sani, ɗan yayana, a wani ƙauye kusa da Yekuwa. Ciwon ƙafa ya kwantar da Yaya, ya ce in je in karɓi auren a madadinsa.

Muna zaune gaban liman, salula ta motsa a aljihuna. Na leƙa ta ƙarƙashin babbar riga. Maƙiya sun fasa ganuwata! Dawakai na kwarara, wuta na lashe hatsin da na sha wuyar tarawa. Daidai nan waliyyin amarya ya ce ya bayar, liman ya dube ni.

"Wakilin ango, kun karɓa?"

"Wayyo, sun cinna wa rumbuna wuta!" Ni ne na faɗa, da ƙarfi kuwa.

Kafin in rufe baki tabarmi sun zama wayam. Ban taɓa ganin irin wannan haɗin kai ba. Babu wanda ya ba da umarni, amma samari sun nufi bayan gari, mata sun jeru daga rijiya tulu na bin tulu, wani dattijo ya koro amalanke cike da ruwa kamar mai sukuwa. Na tsaya baki buɗe, har na so in manta ni na jawo.

Suka tarar da rumbunansu lafiya lau, suka dawo suna haki, riguna sharkaf.

"Mushe, rumbun wa ke ci?" in ji liman.

Ba yadda zan yi, na miƙa masa salular. Ya daɗe yana kallon 'yan mutanena na gudu cikin toka, yana girgiza kai.

"Ikon Allah! Duk waɗannan a hannunka suke?"

"E, Malam."

"To, Allah ya mayar musu da alheri. Yanzu auren fa, ka karɓa ko shi ma a kawo ruwa?"

Na karɓa, da muryar da ko na kusa da ni sai da ya kasa kunne.

Har yau in na ratsa ƙauyen a kabu-kabu, sai wani ya ɗaga murya: "Mushe, ya mutanen gari? An samu na tuwo?" Na dai koyi abu ɗaya: wanda zai yi sarauta a cikin aljihu, ya fara koyon mulkin bakinsa.